Wa Zai Ɗaura Auren 'Yarki?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta aure Ya haramta alfasha. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wadda take zaune a wannan yanki namu na Birnin Kudu da Gwaram ta san cewa da zarar an kai amfanin gona gida, ko kuma watan Sha'aban ya kama ana tseren kada azumi ya riski mutane, to katin ɗaurin aure sai ya yi wa mutum yawa. Juma'a ɗaya sai ki ji ana ɗauri a nan Sundimina, ana yi a Kiyako, ana yi a Sara, mazajenmu suna ta rarraba kansu. Mu kuma muna cikin gida da hidimar kayan ɗaki da gara da anko. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata baiwar Allah, mahaifiyar ɗaya daga cikin ɗalibaina, da ta same ni bayan an tashi daga makaranta ranta a ɓace. Ta ce, "Malama, auren yarinyar nan saura mako uku, amma gidanmu ba a ga maciji. Babanta ya ce limamin unguwa ne zai ɗaura, yayyenta sun ce sam, sai an ɗauko wani babban malami daga Kano, dangin ango kuma sun ce su ba su yarda da kowa ba sai malaminsu." Na ce mata, "To Hajiya, a cikin malaman nan uku, wane ne ya aiko ya tambayi ko yarinyar tana so?" Sai ta yi shiru, can ta ce, "Ai wannan ba a tambaya."

Wannan amsa tata ita ce ta tsaya mini a rai.

Da farko dai ya kamata mu san matsayin shi mai ɗaurin auren a shari'a, domin da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa addu'ar liman ita ce auren. Ba haka ba ne. Wadda ta karanta babin aure a littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira kuma har gobe ake karanta shi a zaurukanmu, za ta ga abubuwan da aure yake tsayuwa a kansu su ne waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai. Malamai suka haɗa da siga, wato furucin nema da bayarwa da karɓa, da kuma kasancewar ango da amarya babu wani abin da ya hana aure a tsakaninsu. Liman ba ya cikin lissafin. Da a ce waliyyin yarinya zai zauna da ango a gaban adalai biyu, ya ce ya ba shi ita a kan sadaki kaza, shi kuma ya ce ya karɓa, to aure ya ɗauru ko da babu rawani ko ɗaya a wurin. Huɗuba da addu'a abin so ne kuma akwai albarka a cikinsu, amma ba su ne igiyar ba.

Wata za ta ce, to in haka ne mene ne amfaninsa? Amfaninsa babba ne ƙwarai. Shi ne mai gadin ƙofa. Mafi yawan iyaye ba su san hukunce-hukuncen nan dalla-dalla ba, don haka aka sa wanda ya sani ya zauna a tsakiya ya tabbatar kowane sharaɗi ya cika kafin a shafa Fatiha. Aikinsa tambaya ce. Idan ya bar tambaya ya koma dogon wa'azi da kirari ga manyan baƙi, to ya bar aikin da aka kira shi dominsa, komai girman sunansa.

Yanzu 'yar'uwa ki dubi yadda muke yi. Ana ɗaura aure a ƙofar masallaci ko ƙofar gida, maza zalla. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki, a ce lakadan ba ajalan ba, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, a raba goro da alawa a watse. Minti goma ya yi yawa. Amma abubuwan da suke iya rushe wannan aure tun daga tushe, kusan dukkansu a cikin gida suke, a bakin mata. Wa ya san wadda ta shayar da wane? Mata. Wa ya san ko bazawara ta gama idda? Ita da uwarta. Wa ya san ko yarinya tana kwana kuka? Uwarta da ƙawayenta. Mazan da suke zaune a kan tabarma ba su san ko ɗaya ba sai abin da aka gaya musu. Saboda haka malamin da ya cancanta ya ɗaura auren 'yarki shi ne wanda kunnensa yake kaiwa cikin gida tun kafin ranar.

Bari mu fara da maganar nono, don ita ce ta fi tayar mini da hankali. Allah (SWT) a cikin Suratun Nisa'i aya ta 23 Ya lissafa matan da aka haramta wa namiji, Ya sanya uwayen da suka shayar da shi da 'yan'uwansa mata na shayarwa a cikinsu. Manzon Allah (SAW) kuma ya bayyana cewa duk abin da haihuwa take haramtawa, shayarwa ma tana haramta shi. A mazhabarmu ta Malikiyya ba sai yaro ya sha ya ƙoshi sau da yawa ba, ko tsotso ɗaya ne in dai nonon ya isa cikinsa a cikin shekaru biyun shayarwa, to hukunci ya hau. Akwai kuma wani ɓangare da mata da yawa ba su sani ba: mijin matar da ta shayar ya zama uba ga yaron. Ke nan idan uwargida ta shayar da wani yaro, to 'ya'yan amarya ma da ta haifa da wannan miji sun zama 'yan'uwansa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa an tambayi Abdullahi ɗan Abbas (RA) game da mai mata biyu, ɗaya ta shayar da yaro ɗaya ta shayar da yarinya, ya ce babu aure tsakanin yaran.

To ki duba zamanmu na karkara. Gida ɗaya, faccaloli huɗu ko biyar, wannan ta tafi rijiya, waccan ta kwanta zazzaɓi, jariri yana tsala ihu, sai wadda take kusa ta ɗauka ta ba shi. Alheri ta yi, Allah Ya ba ta lada. Bayan shekara ashirin kuma sai a ce za a yi auren zumunci, tuwona maina. Na san wani gida a wani ƙauye da ba zan kama suna ba, an haɗa 'ya'yan wa da ƙani, aka yi biki na gani na faɗa, aka ɗauko malami daga nesa wanda bai san kowa a garin ba. Ya zo a mota, ya ɗaura, ya juya. Sai da suka haifi 'ya'ya biyu, ranar wani suna ana hira, mahaifiyar yarinyar ta ce ai ita ta riƙe yaron nan kusan wata guda lokacin da uwarsa ta yi ciwon nono, da nonon ita wannan yarinyar ma ya rayu. Aka ce, "Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ni na ɗauka ƙarin zumunci ne." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dattawan gidan suka tabbatar da maganar, aka je gaban alƙali, aka raba. 'Ya'yan dai na ubansu ne tunda ba da sani aka yi ba, amma ki auna halin da yarinyar nan ta shiga.

Irin wannan ta faru tun zamanin Manzon Allah (SAW). Bukhari ya ruwaito labarin Uƙbatu ɗan Haris (RA), wanda ya yi aure sai wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da matar tasa. Ya hau abin hawansa daga Makka har Madina don ya yi tambaya, Annabi (SAW) ya nuna masa babu yadda zai ci gaba da zama da ita bayan an faɗi wannan magana, ya rabu da ita. Malamanmu suna da bayani mai tsawo a kan shaidar shayarwa, kuma a wurinsu maganar da ta bazu tun kafin a ɗaura aure ta fi ƙarfi a kan wadda aka fito da ita daga baya. Don haka ke da kika shayar, ki faɗa tun yaran suna ƙanana, ki faɗa a gaban mutane, in kina rubutu ki rubuta ki ajiye.

Sai idda. A nan ma akwai ganganci mai yawa. An saki mace, wani mai hali ya fito, iyaye suna tsoron kada ya kuɓuce, sai a ce ai ta yi wata uku, ko ma a ce ta yi arba'in. Iddar sakakkiya mai ganin al'ada tsarki uku ce a mazhabarmu, ba lissafin kwanan wata ba ne. Wata uku na wadda ba ta ganin jini ne saboda tsufa ko ƙuruciya, mai ciki kuma sai ta haihu, kamar yadda ya zo a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 4. Mai takaba wata huɗu da kwana goma in ba ta da ciki. Mai goyon da jini ya ɗauke mata saboda shayarwa kuwa, ita ma ba wata uku za ta ƙirga ta tashi ba, ta je ta tambayi masana. Kuma hukuncin yana da nauyi: auren da aka ɗaura cikin idda ɓatacce ne, in har an tare a cikinta, to a Malikiyya wannan mutum ya haramta gare ta har abada. Allah Ya bar wannan sirri amana a hannun mace, shi ya sa a Suratul Baƙara aya ta 228 Ya hana mata ɓoye abin da Ya halitta a cikin mahaifarsu. Malamin kirki ba zai tsaya a kan "budurwa ce ko bazawara?" kawai ba. Zai tambayi yaushe aka yi sakin, saki nawa ne, ina takarda, an tambayi ita matar? Wanda kuma aka san shi da ɗaura auren kisan wuta a ɓoye, wannan ko kyauta ya ce zai zo a ba shi haƙuri, domin Annabi (SAW) ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa.

Game da yardar yarinya, na san akwai masu cewa ai uba yana da ikon tilasta budurwa. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun ba uba wannan dama a kan 'yarsa budurwa, amma uba kaɗai ko wanda ya yi wa wasiyya, ban da baffa, ban da yaya, kuma don maslaharta aka ba shi, ba don ya biya bashi ko ya faranta wa aboki ba. Su malaman da kansu sun so ya shawarce ta. Hadisin Abu Huraira (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana a aurar da bazawara sai da umarninta, budurwa kuma sai an nemi izininta, izinin nata shi ne shirunta. Shirun kunya ake nufi 'yar'uwa, ba shirun wadda aka ce za a tsine mata ba. Khansa'u 'yar Khizam (RA) mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba ta so, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), ya warware auren. Mu da muke koyarwa mun ga ƙarshen auren dole da idonmu: yaji yau, yaji gobe, daga nan sai kotu, wata ma sai ta gudu birni ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Akwai wani dattijon limami da na sani a nan yankin, Allah Ya saka masa da alheri. Ba ya fita a rediyo, ba shi da mota. Amma duk wanda ya kai masa goron ɗaurin aure, sai ya ce a ba shi kwana biyu. Sai ya tura mai ɗakinsa, wadda ita ma ta yi karatu, ta shiga gidan ta keɓe da yarinyar, ta zauna da uwar, ta gaida tsofaffin gidan ta jefa musu tambayar nono cikin hira. Sau ɗaya ya taɓa ɗage wani aure ana saura kwana ɗaya, an riga an sayi goro, saboda lissafin idda bai cika ba. Aka zage shi, aka ce ya cika tsanani, har aka yi barazanar kiran wani. Ya ce su kira, amma shi ba da bakinsa ba. Da hankali ya dawo, bayan mako biyu shi ɗin dai aka kira ya ɗaura. Wannan dabara tasa ma tana da asali. Malaman tarihi sun kawo cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aika wa Najjashi sarkin Habasha a nema masa auren Ummu Habiba (RA), sai da sarkin ya tura wata kuyangarsa ta same ta ta gaya mata, ita kuma ta wakilta Khalidu ɗan Sa'id, sannan aka tara Musulmin da ke can aka ɗaura a kan sadaki dinari 400. Sarki guda bai wuce matakin tambayar mace ba.

Wani abin da ya shigo mana kuma shi ne rikita waliyyi da babban baƙo. Za ki ga an buga a kati cewa wane mai muƙami shi ne waliyyin amarya, alhali baffanta yana raye ko sanar da shi ba a yi ba. Walicci ba sarauta ba ce da ake naɗa wanda aka ga dama. Yana bin dangin uba ne: ɗa in bazawara ce mai babban ɗa, sai uba, sai ɗan'uwa, har zuwa kaka da baffa. Kawu, wato ɗan'uwan uwa, duk da irin ƙaunar da ke tsakani, ba ya cikin wannan jeri, haka ma mijin uwa. Idan waliyyi na gaskiya ya wakilta wani, kamar yadda iyaye maza suke yi saboda kunya su ce ƙaninsu ko amininsu ya bayar, wannan ya halatta, ko gwamna ya wakilta babu laifi. Sharaɗin dai shi ya wakilta da bakinsa. A nan sai mu mata mu ji tsoron Allah, musamman wadda aure ya mutu tsakaninta da uban 'ya'yanta. Kin sha wahala kin yi tarbiyya ke kaɗai, ba mai musun wannan, amma haushin uban ba zai sa ki tsallake shi ki ba wanki ya aurar ba. In ya ƙi bayarwa don mugunta, shari'a ba ta bar ki haka ba, alƙali shi ne waliyyin wadda ba ta da waliyyi, kuma kotunan shari'a suna nan a Birnin Kudu da Gwaram. Mai ɗaurin aure na gari zai tambayi wanda ya zauna a gabansa: kai wane ne a wurinta, wa ya sa ka?

Ita kuwa rigimar namu da nasu, wato wannan ɗan Izala ne wancan ɗan ɗariƙa ne, ba zan daɗe a kanta ba. Sharuɗɗan aure ɗaya ne a wurin kowa. Ban taɓa jin auren da ya ɓaci don liman ya yi doguwar addu'a ko gajera ba. A bar wa gidan amarya su zaɓa kamar yadda aka saba, ɗaya malamin ya yi addu'ar rufewa, a wuce wurin.

Sadaki ma a bayyana shi a gaban shaidu. Mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, wato zinari giram ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma tunda farashin zinari yana hawa yana sauka, malami ya san kimarsa a ranar da ake ɗauri, kada ya riƙe lissafin shekara biyar da ta wuce. Haƙƙin yarinya ne, Suratun Nisa'i aya ta 4 ta ce a ba su ne, ba a ba iyayensu ba. In za a sa shi a kayan ɗaki, a nemi yardarta. In akwai ajalan a rubuta, bashi ne. Ki nemi a ba 'yarki takardar shaidar aure mai ɗauke da sunan waliyyi da shaidu da adadin sadaki, ranar rabon gado ko wata jayayya za ki gane amfaninta.

Sai gwajin jini, wanda wasu har yanzu suke gani kamar rashin tawakkali. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma duk wadda ta yi jinyar irin wannan yaro cikin dare ba sai an yi mata bayani ba. Ga kuma ƙanjamau da ciwon hanta. A shekarar 2024 maƙwabciyarmu jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwaji kafin aure. Mu kuma ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu kusa da mu. Wannan ba ya cikin rukunan aure, amma addini ya hana cuta da cutarwa, kuma limamin da ya ce sai ya ga takarda ba ƙiyayya yake yi muku ba. A yi gwajin tun kafin a sa rana, tun zukata ba su yi nisa ba.

Wata za ta ce, "Malama, duk mun ji, amma mu mata ina ruwanmu da zaɓen liman? Maganar maza ce." Ba cewa na yi ki fita ƙofar masallaci ba. Amma ke da kike iya sa maigida ya canja kalar gado da kujeru, ba za ki kasa ce masa cikin ladabi, "Malam, don Allah a kai wa wanda zai bincika" ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata irin waɗannan hukunce-hukunce. Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu na rassa, kowane reshe ya ware mata biyu ko uku masu karatu da riƙon sirri, limamai su san da su, domin malamin da ba shi da wadda zai tura cikin gida ya samu.

Ita dai Hajiyar da na fara da labarinta, na roƙe ta ta koma ta zauna da 'yarta su biyu, sannan ta zaga tsofaffin gidansu da na gidan angon. Ta dawo bayan kwana huɗu ta ce yarinya tana so, nono kuma babu. Limamin unguwa ne ya ɗaura, malamin dangin ango ya yi addu'a, kuɗin motar da za a ɗauko na Kano aka ƙara mata a keken ɗinki.

Allah Ya ba 'ya'yanmu mazaje nagari, Ya zaunar da su lafiya a ɗakunansu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuma nawa ne, Allah Ya yafe mini.